Na fara ayyuka huɗu da Python, ban kammala ko ɗaya ba

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamar makarantar sakandare ce, shekaruna sun ɗan haura talatin, kuma ban yi karatun kwamfuta a makaranta ba. Bara na fara koyon Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, da kaina don sha'awa, ina zama da daddare bayan yara sun yi barci, a kan wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows. Na fara ayyuka har huɗu: manhajar lissafin adashin malamai mata da nake riƙewa, wata ta tara makin ɗalibai, wani ɗan wasan tambayoyi don yarana, da wata da za ta riƙa tuna mini lokacin biyan kuɗin makaranta. Babu wanda na kai ƙarshensa, domin da zarar na yi nisa sai jan rubutu na saƙon kuskure ya cika allo, in rasa inda zan kama, in koma in fara wani.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na adashi. Da muka shiga sabon zagaye wata malama ta shigo, na rubuta sunanta da harafin ƙ mai ƙugiya kamar yadda take rubutawa, sai manhajar ta tsaya da wani saƙo mai cewa UnicodeEncodeError. Da na buɗe fayil ɗin sai na tarar da shi wayam, duk zubin da na shigar ya tafi. Allah ya taimake ni ina da littafina na hannu. Na ɗauki hoton allon da waya na nuna wa wasu matasa biyu da suka daɗe a harkar. Ɗaya ya ce ba a iya komai da hoto, in kawo kod ɗin, wato layukan umarnin da na rubuta, da cikakken saƙon kuskuren. Ɗayan ya ce wannan ai yana cikin takardun bayanin Python, in je in karanta. Kunya ta kama ni, tun daga ranar ban sake tambayar kowa ba. Maigidana bai hana ni ba, amma yana ƙorafin daren da nake kaiwa. Shin in haƙura ne, ko in koma wani harshen da ya fi sauƙi, ko kuwa in biya kuɗi in shiga kwas?

Daga wata malama a Zariya.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, amsar tambayoyinki uku a taƙaice ita ce kada ki haƙura, kada ki sauya harshe, kuma ki adana kuɗin kwas ɗin tukuna. Shawarata ita ce ki ajiye ayyuka uku daga cikin huɗun nan, ki koma kan na adashi shi kaɗai, ki rage masa buri har ya zama abin da za ki iya kammalawa kafin ƙarshen wannan zangon karatu. Zan fara da kuskuren da ya cinye miki fayil, domin idan kika ga yadda ya faru dalla-dalla za ki gane cewa babu ruwansa da ƙarancin basira, kuma sauran bayanin zai fi sauƙin shiga.

Kwamfuta lamba kawai ta sani, saboda haka duk harafin da kike gani a allo yana da lambar da aka ware masa. Tsarin da aka fi dogara da shi a duniya yau shi ne Unicode, wanda sigarsa ta farko ta fito a 1991, kuma ya ba haruffanmu masu ƙugiya gurbinsu: ƙ tana da lamba 409, ɗ tana da 599, ɓ tana da 595. Python 3 yana riƙe duk rubutu da wannan tsarin, shi ya sa kika iya buga sunan ya bayyana lafiya lau a allo. Rigimar ta taso ne a lokacin da aka zo zuba rubutun a cikin fayil. Idan mai rubuta manhaja bai faɗi tsarin da yake so ba, yawancin sigogin Python 3 sukan ɗauki tsohon tsarin da Windows yake kai, wanda a kwamfutar da aka saita da Turanci shi ne cp1252. Gurbi 256 kacal yake da su, kuma don harsunan yammacin Turai aka tsara shi, saboda haka yana da é ta Faransanci da ñ ta Sifaniyanci da alamar kuɗin Yuro, amma ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ, ba shi ma da alamar Naira. Da za ki sake duba hoton da kika ɗauka, kusan tabbas za ki ga \u0199 a layin ƙarshe, wato lambar harafin ƙ ce aka rubuta da wata irin ƙidaya da masu kwamfuta suke amfani da ita. Python ya faɗa miki ainihin harafin da ya gagare shi da matsayinsa a cikin rubutun, karatun saƙon ne kawai ba a koya miki ba.

Maganin bai kai layi ɗaya ba. Duk inda kika yi amfani da umarnin open don buɗe fayil, ko za ki karanta ne ko za ki rubuta, ki ƙara encoding="utf-8" a cikinsa. UTF-8 hanya ce ta ajiye Unicode a fayil wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kuma tana ɗaukar duk haruffan Hausa, na boko da na ajami. Idan fayil ɗin irin na csv ne, wato teburin bayanai da ake raba gurabensa da waƙafi, kuma kina so ki riƙa buɗe shi da Excel, ki rubuta utf-8-sig a maimakon haka, domin wannan yana sa wata 'yar alama a farkon fayil wadda Excel yake gane tsarin da ita, in ba haka ba sai sunayen su fito a hargitse.

Ɓacewar bayanan kuwa wani abu ne daban, kuma a ganina ya fi na farkon muhimmanci ga mai riƙe kuɗin mutane. Idan aka buɗe fayil da harafin w a cikin umarnin open, wato don rubutawa, Python yana share duk abin da ke cikinsa nan take, tun kafin a rubuta ko harafi ɗaya na sabon bayani. Tun da kin tarar da fayil ɗin wayam, da alama kin haɗa dukan bayanan dunƙule guda kika miƙa a rubuta, aka share tsohon, sabon kuma ya ƙi shiga saboda harafi ɗaya. Da layi-layi kike rubutawa, da kin tarar da sunayen da suka riga nata, sauran sun tafi. Haka zai iya faruwa idan aka ɗauke wuta batirin kwamfutar kuma ya mutu a tsakiyar aiki. Hanyar da masu gogewa suke bi ita ce su rubuta sabon bayanin a wani fayil na wucin gadi, sai an gama lafiya sannan a sauya masa suna ya maye gurbin tsohon, kuma Python yana da umarnin os.replace don wannan aikin. Kafin ki kai nan, ya isa ki sa manhajar ta kwafi fayil ɗin da kwanan watan ranar a sunansa duk lokacin da kika kunna ta, ki kuma riƙa zubi ta hanyar ƙara sabon layi a ƙarshen fayil, wato ki buɗe shi da harafin a maimakon w, wanda ba ya share komai.

Tun da sunayen Hausa za ki riƙa sarrafawa, akwai wasu ramuka a gabanki da littattafan koyon Python da aka rubuta a Amurka ko Ingila ba za su gargaɗe ki a kansu ba. Idan kika ce a jera sunaye bisa tsarin haruffa, Python yana bin lambobin nan ne, kuma manyan haruffan A zuwa Z suna tsakanin 65 da 90, alhali Ɗ tana 394, Ƙ tana 408. Saboda haka Ɗayyiba za ta faɗo ƙasan Zuwaira maimakon ta biyo bayan sunayen da suka fara da D, har sai kin ba shi naki tsarin jerin. Haka kuma a wurinsa Rukayya da Ruƙayya mutum biyu ne, kuma Sa'adatu da aka rubuta da miƙaƙƙiyar alamar ɗauri (') daban take da wadda waya ko Word suka lanƙwasa wa alamar, ko da yake ido ba ya saurin bambancewa. A lissafin adashi wannan yana nufin mutum ɗaya zai iya rabuwa biyu, a ga kamar ba ta yi zubin wani wata ba. Ki ba kowace malama lamba tata, lissafi ya riƙa bin lambar, suna kuma ya tsaya don karatun ido. Lambar waya ki ajiye ta a matsayin rubutu, domin idan kika mayar da ita lamba sifilin farko zai faɗi, kuma Excel ma yana yin haka. Sannan duk abin da aka buga ta umarnin input, wanda yake karɓar bugu daga mai amfani da manhaja, rubutu ne, shi ya sa 5000 da 5000 suke haɗuwa su ba da 50005000 idan ba a mayar da su lamba ba. Kuɗi kuma ki riƙe su da cikakkiyar Naira ko ki ƙidaya da kwabo, ki guji lamba mai ɗigo, domin a Python 0.1 da 0.2 suna ba da 0.30000000000000004.

Yanzu ga jan rubutun da kika ce yana cika allo ya kore ki. Daga ƙasa ake karanta shi. Layin ƙarshe shi ne yake ɗauke da sunan kuskuren da taƙaitaccen bayaninsa, na samansa kuma suna nuna sunan fayil da lambar layin da abin ya auku. Idan jerin ya yi tsawo, ki hau sama a hankali har ki iske layi na ƙarshe da ya ambaci fayil ɗin da ke kika rubuta, domin sau da yawa a nan gyaran yake, sauran layukan cikin Python ne da ba ruwanki da su. Sunayen kuskuren da mai koyo yake cin karo da su kullum ba su da yawa. NameError yana nufin kin kira sunan da ba ki riga kin ba komai ba, galibi saboda kuskuren bugu. TypeError yana nufin kin haɗa abubuwan da ba jinsi ɗaya ba, kamar rubutu da lamba. ValueError shi ne abin da za ki gani idan kika nemi a mayar da 5,000 mai waƙafi lamba. IndentationError kuma yana nufin tazarar farkon layi ta kauce, kuma al'adar masu Python tazara huɗu ce. Yana da kyau ki duba sigar da kike amfani da ita, domin daga 3.10 da ta fito a 2021 saƙonnin sun ƙara fito da ma'ana har sukan ba da shawarar sunan da ake zaton kin nufa, kuma 3.11 ta 2022 tana sa alama a ƙarƙashin ainihin gurbin da ya lalace a cikin layin.

Game da matasan nan biyu, zan faɗa miki abin da wataƙila ba za ki so ji ba. Na farkon gaskiya ya faɗa miki, ladabin faɗa ne ya yi masa ƙaranci. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma wanda ya buga waya yana neman kwatance dole ya fara faɗin inda yake tsaye, in ba haka ba ko wanda ya fi kowa sanin gari ba zai iya yi masa jagora ba. Hoton allo da aka ɗauka da waya yakan yanke layin ƙarshe, wanda shi ne ake buƙata, ba a iya kwafar rubutu daga cikinsa a gwada, kuma ba ya nuna layin da kika buɗe fayil da shi. Da ya ga wannan layin da saƙon, da minti ɗaya ya ishe shi. Na biyun ma bai yi ƙarya ba, bayanin yana cikin takardun Python a ƙarƙashin umarnin open, sai dai tura mai koyo can ba tare da an nuna masa sashen ba taimako ne maras auki, domin wanda bai san sunan matsalarsa ba ba zai san abin da zai nema ba. Ki sani cewa kusan duk masu amsa irin waɗannan tambayoyi a duniyar Python sa-kai suke yi, ba wanda yake biyansu, kuma sun amsa tambaya iri ɗaya sau da yawa har gajartawa ta zame musu ɗabi'a. Ban ce wannan uzuri ne ba, amma ya kamata ki bambanta gajeriyar amsa da raini. Wanda ya ce ki kawo kod ɗin ya bar miki ƙofa a buɗe. Wanda ya yi miki ba'a saboda ke mace ce, ko saboda shekarunki, ko saboda ba ki yi digirin kwamfuta ba, wannan ki bar shi ki nemi wani, kuma ba ki yi asarar komai ba.

Tambayar da ake amsawa da sauri tana da siffa sananniya. Mai tambaya yakan faɗi abin da yake son manhajar ta yi, abin da ya zata zai fito, da abin da ya fito a zahiri, sannan ya kwafo cikakken saƙon kuskuren a matsayin rubutu, ya ambaci sigar Python da irin kwamfutar da yake kai, ya kuma faɗi abin da ya riga ya gwada. Abu mafi amfani a ciki shi ne rage kod ɗin. Maimakon ki aika layi ɗari biyu, ki buɗe sabon fayil ki riƙa cire duk abin da bai shafi matsalar ba har ya rage 'yan layukan da har yanzu suke haifar da kuskuren. A naki lamarin layi biyu ne: ɗaya ya buɗe fayil, ɗaya ya rubuta harafin ƙ a ciki. Sau da yawa mutum yakan gano amsar da kansa tun yana cikin ragewa, kafin ya kai ga tambayar kowa. Ragewar tana da wata fa'ida da ta shafe ki musamman a matsayinki na uwar adashi, domin sunayen malamai da lambobin wayarsu da adadin zubinsu amana ce, bai dace su fita zuwa hannun baƙo ba, haka ma makin ɗalibai. Ki sauya su da sunayen ƙirƙira kafin ki nuna wa kowa. Idan kuma aka ba ki amsa ta yi aiki, ki koma ki faɗa wa mai amsar cewa ta yi, domin wannan ɗan abin shi yake sa a riƙa tuna ki da alheri.

Ayyuka huɗun da kika bari ba su dame ni kamar yadda suka dame ki ba. Duk mai wannan sha'awar yana da folda cike da abubuwan da ya fara ya bari, kuma ko wanda aka bari ya koyar da wani abu. Abin da ya dame ni shi ne dalilin barin, wato kina tashi daga aiki a daidai gurbin da koyo yake farawa. Farkon kowane aiki maimaita abin da aka riga aka iya ne, shi ya sa yake da daɗi. Ajiye bayani a fayil, karanto shi gobe, da jure wa kuskuren bugu daga mai amfani su ne inda ƙwarewa take samuwa, kuma ayyukanki huɗu duk a wannan gaɓar za su tsaya, domin duka suna buƙatar ajiya. Idan kika ƙetare ta a na adashi, kin ƙetare ta a sauran ukun.

Saboda haka ki ɗauki takarda ki rubuta abin da za ki kira kammalawa tun kafin ki taɓa kwamfuta. Ni da zan rubuta miki, abu uku zan sa: a shigar da zubi, a nuna waɗanda ba su zuba ba a wannan watan, a nuna wadda za ta kwasa. Babu maɓallai masu launi, babu tura saƙon waya, babu shafin intanet. Duk dabarar da ta faɗo miki a tsakiyar aiki ki rubuta ta a bayan takardar ki bar ta can. Ƙunshin umarnin sarrafa fayil ɗin csv da yake zuwa tare da Python ya ishe ki, ba sai kin sauke komai ba, kuma idan bayanan suka yi yawa nan gaba akwai sqlite3 na sarrafa rumbun ajiyar bayanai, wanda shi ma a ciki yake tun sigar 2.5 ta 2006. Na san wani zai ce adashin mutum goma ko ashirin ai littafi ko Excel ya wadatar, kuma gaskiyarsa ne. Amfanin wannan aikin a wurinki shi ne kin san amsar da ya kamata ta fito, kina da littafin da za ki gwada da shi, saboda haka idan manhajar ta yi ƙarya za ki kama ta nan take. Littafin nan shi zai ci gaba da zama hujja idan gardama ta taso, har sai manhajar ta yi zagaye guda cif tana dacewa da shi.

Kada kalmar sha'awa ta sa ki raina abin da kike yi. Shi kansa Python haka ya faro: Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan da yake aiki a cibiyar bincike ta CWI a Amsterdam, ya fara rubuta shi ne a hutun Kirsimeti na Disambar 1989 don ya sami abin da zai ɗebe masa kewa, ya fitar da shi ga jama'a a Fabrairun 1991. Wannan tsawon tarihin yana da wata illa ga mai koyo da kansa. Python 3 ya fito a 2008 da sauye-sauyen da suka sa tsohon kod da yawa ya daina aiki, kuma an daina kula da Python 2 gaba ɗaya a farkon Janairun 2020, amma tsofaffin darussa suna nan birjik. Idan kika ga darasi yana rubuta print ba tare da baka biyu ba, ko yana cewa 5 a raba da 2 yana ba da 2 maimakon 2.5, na tsohon zamani ne, ki wuce shi. Wasu daga cikin jan rubutun da suka kore ki ba mamaki daga nan suka fito. Haka kuma kada ki raɗa wa fayil ɗinki suna irin csv.py ko random.py, domin Python zai ɗauko naki a maimakon nasa, ya kawo kuskuren da zai ruɗa ki.

Sauya harshe ba zai raba ki da komai daga cikin waɗannan ba. JavaScript da Ruby, waɗanda duka suka fito a 1995, da Lua da aka ƙirƙira a Brazil a 1993, kowanne yana da nasa saƙonnin kuskure da nasa ramukan, kuma batun haruffa da ajiyar fayil yana jiran ki a ko'ina. Abin da zai fi sauƙaƙa miki shi ne wurin rubutun. Akwai Thonny, wanda aka ƙera a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya don masu koyo, kyauta ne, ba ya da nauyi ga tsohuwar kwamfuta, kuma yana bari ki bi manhaja layi bayan layi kina ganin abin da kowane suna yake ɗauke da shi a wannan lokacin.

Kwas yana da amfani ga wanda ya san abin da ya rasa. Idan kika kammala na adashi za ki san ko abin da kike buƙata shi ne sarrafa bayanai, ko gina shafi, ko wani abu daban, kuma za ki iya tambayar mai kwas abin da ɗalibansa suke ginawa da hannunsu kafin ki miƙa kuɗi. A yanzu abin da kika fi buƙata abokan tafiya ne. Akwai PyLadies da aka kafa a Los Angeles a 2011 don mata masu Python, akwai Django Girls da ta fara a 2014 tana shirya wa mata taron koyo kyauta, kuma an yi irin tarukanta a garuruwan Najeriya da dama. Babban taron PyCon Africa na farko ma a Accra aka yi shi a 2019. Ki bincika ko akwai wani abu makamancin haka kusa da ke, musamman da yake kina garin da yake da jami'a. In ba a samu ba, malama ɗaya a makarantarku da za ku riƙa zama tare sau ɗaya a mako ta isa, ko da kin fi ta sani, domin bayyana wa wani kod da baki yana fito da kuskuren da ido ya tsallake.

Za ki ji ana cewa ki tambayi ChatGPT ko makamantansa, waɗanda suka yaɗu tun daga ƙarshen 2022, tun da su ba sa gajiya kuma ba sa gatse. Suna da amfani wajen fassara saƙon kuskure, kuma ban hana ki ba. Sharaɗina shi ne ki nemi bayani maimakon ki ce a rubuta miki manhajar gaba ɗaya, kada ki saka layin da ba za ki iya faɗin aikinsa ba, kada kuma ki zuba musu sunaye da kuɗin mutane. Sukan ba da amsar da ba daidai ba da cikakken ƙarfin gwiwa, kuma a kan lissafin kuɗi ke za a tuhuma.

Ƙorafin maigida kuwa yana da tushe, kuma yana iya zama alheri ga aikin. Kuskuren da ya gagari mutum da ƙarfe ɗayan dare yakan warware cikin 'yan mintoci da safe, kuma malamar da za ta shiga aji da sassafe tana buƙatar barcinta. Ku yi magana ku tsayar da lokaci sananne, ko awa ɗaya bayan sallar isha'i a wasu ranakun mako, ko safiyar Asabar. Idan lokacin ya cika, ki rubuta a saman fayil ɗin inda kika tsaya da abin da za ki gwada na gaba, sannan ki rufe kwamfutar ko da kuskuren bai warware ba. A zaman farko ki gyara umarnin open, ki shigar da sunan malamar nan da ƙugiyarsa, ki rufe manhajar ki sake kunna ta ki tabbata sunan ya dawo daidai, sannan ki fara mayar da zubin watannin baya daga littafi.